Yawon Jirgin Rufa'i Mai Rediyo

Duk wanda ya ci kasuwar Tudun Wada a shekarun tamanin ya san rumfar Rufa'i Mai Rediyo, ko bai gan ta ba ya ji ta. Rediyo goma ne ke magana a lokaci guda, kowacce da tasharta, shi kuma yana tsakiya da tabarau a kan hanci, yana narka dalma da wani ƙarfe da yake turawa cikin garwashi. Gyara dai ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai duk rediyon da ta bi ta hannunsa sai an yi rarar sukuru biyu, in ka yi magana ya ce ai Bature don ado ya saka su.

Ni ne Zailani, taubashinsa. Mahaifiyarsa, Gwaggo Safara'u, yayar babana ce ciki ɗaya, saboda haka an haife ni da izinin yi masa tsiya, kuma ban taɓa barin izinin ya yi ƙura ba. Injiniya nake ce masa. Muna samari na taɓa sa shi ya taka a ƙasa daga Burumburum har Tudun Wada, na ce masa gwamnati na rabon kekuna. A wannan tafiyar ce ma ya ga wani Bayarabe yana gyaran rediyo, ya tsaya kallo har la'asar, daga baya ya koma ya yi shekara shida a gabansa. Wato ni na nema masa sana'a, amma bai taɓa gode mini ba. Abin da ya riƙe kawai shi ne, ko cewa na yi rana ta fito sai ya leƙa waje ya duba.

Mu Fulani ne, duk da dai Fulatancin ya gudu ya bar mu da 'yan shanu da dogon hanci da kunya. Kunyar ta fi shanun yawa. Rufa'i kuwa ɗan fari ne. Ranar da aka yaye shi aka miƙa wa kakarsa, a ɗakinta ya tashi, yana kiran mahaifiyarsa Adda kamar yadda ya ji ƙannenta suna kiran ta. Gwaggo ba ta kallon sa, ba ta yi masa magana kai tsaye, sunansa kuwa ko a mafarki. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Adda, ina kwana," sai ta juya ga wanda ke kusa ta ce, "Ku ce wa wancan lafiya lau." In babu mutum a kusa, kaza ma ta wadatar. Da idona na ga tana sanar da akuya cewa furar mai akwatunan surutu tana cikin ƙwarya.

Kowa ya san kunyar ɗan fari, ba ita ta ƙirƙiro ta ba. Amma sauran mata in tsufa ya zo sukan sassauta, su ɗan yi suɓutar baki. Gwaggo ita kam kullum ƙara ɗaurewa take. Akwai wani yaron maƙwabta da aka raɗa wa Rufa'i, har ya yi aure "mai sunan wancan" take ce masa.

A shekarar tamanin da bakwai Gwaggo ta kwanta ciwo, irin wanda ake aika wa dangi su zo. Ta riƙa kiran 'ya'yanta da jikokinta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu tana sa musu albarka, har ni maƙaryaci na samu rabona. Rufa'i ya rufe rumfa kwana tara, yana zaune a gindin rumbu, kunnensa na ƙofar ɗakin. Da aka zo kansa sai ta ce, "Wancan ma Allah Ya yi masa albarka." Bayan mako biyu ta miƙe ta koma tatsar nono kamar ba ita ba.

Ina raka shi bakin titi ya tsaya ya ce, "Zailani, shekarata arba'in da bakwai. Ina da mata, ina da 'ya'ya, ga furfura. Ban taɓa jin sunana a bakin matar da ta haife ni ba. Da ta tafi a ciwon nan fa?"

Na riga na shirya masa baƙar magana, har ta zo bakin leɓe. Da na ga idonsa sai na haɗiye ta. Wallahi ya ba ni tausayi, kuma na ji haushin tausayin, don ban saba ba.

Shi mutum ne da ba ya kwana da damuwa sai ya nemo mata waya da sukuru. Wata rana da bazara ya aiko a kira ni rumfa. Ya ce ya ji a wani shiri cewa Turawa sukan kwashi iyalinsu kaf su zuba a wani ƙaton jirgin ruwa, ba fatauci ba, ba aikin Hajji ba, ba biki ba. Su ci, su sha, su kalli ruwa, su dawo inda suka taso.

Na ce, "To, Allah Ya ba su lafiya."

Ya ce, "Mu ma za mu yi. A madatsar ruwan Tiga."

"Ruwan me za mu kalla? Ba ga rijiya a gida ba?"

Sai ya rage muryar rediyoyin, ya matso. Ya ce za a sa Gwaggo a jirgin. In an kai wani wuri marar zurfi, zai yi kamar santsi ya kwashe shi ya faɗa. Ya ce duk taurin kan mace, in ta ga ɗanta cikin ruwa ba za ta tsaya neman akuyar da za ta aika ba. Da ta kira shi sai ya miƙe tsaye, ruwa iya ƙirji, ya amsa.

Da ni mai hankali ne da na hana shi. Amma ka gaya wa taubashi cewa za ka jefa kanka a ruwa da gangan, sannan ka sa ran ya hana ka? Na ce wannan dabara ko Bature sai haka.

Ranar muka hau babur ɗinsa muka je duba wuri. Rana tana dukan ƙeya, ruwan ya ja baya ya bar taɓo ya tsattsage. Muka sami wani dutse a cikin ruwa, ya kai tsayin ɗaki, kansa fari fat da kashin tsuntsaye. Rufa'i ya tuɓe ya shiga yana dogara sanda har gindin dutsen, ya zagaya shi sau biyu. Ruwa iya ƙirji, ƙasa yashi. Ya fito yana murna ya ce an gama, wannan dutsen ko daga ina aka taho za a gane shi. Ya kuma gargaɗe ni kada in gaya wa kowa, musamman masu jirgi, don in maganar ta shiga bakin masunta to ta shiga kasuwa.

Sauran aiki shi ne shawo kan Gwaggo, ni aka ɗora wa. Da na faɗa mata ta ce, "Ku ce wa wancan ni ba kifi ba ce." Na yi zarya har sau huɗu. A ƙarshe na ce mata ai dajin da ta yi kiwo tana budurwa yana ƙarƙashin ruwan nan tun da aka yi madatsar, masu jirgi kuma suna iya bi da mutum ta kansa. Ta ci gaba da kaɗa nono. Can ta ce, "Sai an yanke gero." Ga shuka, ga noma, ga maimai, babu mai lokacin shashanci kafin nan. Muka ce mun ji, ko a jikinmu.

Ranar wata Lahadi bayan an yanke gero muka cika akori-kura: ni, Gwaggo, Rufa'i, matarsa Saudatu da 'ya'yansu uku. Saudatu ba ta san komai ba, ita dai ta dafa ƙwai da dankali, ta dama fura, ta yanko rake. Gwaggo ta riƙo butarta cike da ruwan rijiyar gida, ta ce ba za ta sha abin da kifi ke fitsari a ciki ba. Angon tafiya kuwa ya ci farar babbar riga ta shadda, ta sha bugu, da hula da baƙin tabarau, ga rediyo mai kaset a kafaɗa. Na ja shi gefe na ce, "Injiniya, da wannan za ka shiga ruwa?" Ya ce ranar da za a kira sunansa ba zai tsaya da rigar aiki ba.

Direba ya sauke mu a inda masunta ke ɗaure jiragensu, nesa da inda muka je da bazara. Muka sami wani masunci mai suna Maikano, gajere, baƙi, ba ya dariya, yana da babban kwale-kwale. Ya tsaya ya ƙare mana kallo kamar buhunan hatsi, sannan ya fara nuna wa kowa wurin zama. Yara a ƙasa, Saudatu a gaba, ni a baya kusa da shi. Gwaggo a tsakiya, Rufa'i a gabanta suna fuskantar juna, gwiwa na neman taɓa gwiwa.

Gwaggo ta ce, "Ku ce wa mai jirgi ya canza mini wuri."

Maikano ya ce, "Iya, jirgi bai san kunya ba, nauyi ya sani. Ko ki zauna ko kowa ya sauka."

Ta zauna. Ta murɗe wuyanta gefe tana kallon ruwa, haka ta riƙe shi kamar wadda ta kwana a kan dutse.

Gaskiya in za a faɗa, awar farko ban taɓa jin daɗi irin nata ba. Ruwa shimfiɗe har iya ganinka, iska mai sanyi, duwatsu can nesa, kaset na tashi da kiɗan goge. Yara sun sa hannu a ruwa suna ihu. Saudatu, wadda tun da aka kai ta Tudun Wada iyakarta gidan suna da asibiti, ta zame mayafi tana ɓare ƙwai tana dariya ita kaɗai. Autarsu ta yi amai a kwanon dankali, aka ɗauraye a tafkin aka ci gaba. Wani kifi ya yi tsalle ya fantsama wa Gwaggo ruwa a fuska, ta yi salati, sannan ta tuntsire da dariya har ana ganin gurbin haƙoranta. Na ce ashe Turawan nan ba duka ne mahaukata ba.

Can Gwaggo ta manta da kanta ta fara nuna wurare da baki. Ta ce wa babbar jikar, "Kin ga wajen can? Akwai wata tsamiya a ƙasa. A gindinta wani bijimi ya taɓa bi na, ina da wani ciki wata bakwai, na hau reshe na wuni. Ina ta roƙon Allah kada abin da ke cikin ya sami matsala." Jikar tana shan rake, ko sauraro ba ta yi. Uban kuwa ya kashe kaset, ya ƙame, ko numfashi ba ya son yi.

Na miƙa wuya na raɗa masa, "Injiniya, abin ya yi daɗi haka. A fasa."

Ya girgiza kai. Ya ce da Maikano ya bi da mu ta wajen wancan dutsen mai farin kai.

Da muka matso na duba dutsen, na sake dubawa. Da bazara ya kai ɗaki, yanzu bai fi turmin da aka kifar ba, tsuntsaye sun cunkushe a kansa. Na ce, "Injiniya, dutsen nan fa ya rame."

Ya ce, "Dutse yana ramewa ne? Idonka ne ya tsufa."

Na yarda. Ka ji mu, manyan mutane biyu masu gemu, mun yi damina muna noma a ƙarƙashin ruwan saman da aka yi wata huɗu ana zubawa, amma babu wanda ya tambayi kansa ina ruwan ya tafi. Mu mutanen tudu ne. A wurinmu abu in ka bar shi a wuri, nan za ka dawo ka same shi. Ga Maikano a bayana, kalma ɗaya za mu tambaye shi, amma an ce kada masunta su ji.

Rufa'i ya miƙa wa Saudatu rediyo, ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya miƙe kamar zai gyara riga. Maikano ya ce, "Malam, zauna." Shi kuwa ya ce, "Kai, santsi," tun kafin ya zame, sannan ya tafi ta gefe a hankali, har da tattare hannun riga.

Na gyara zama ina murmushi, ina jiran ya miƙe ruwa iya ƙirji. Hula ta taso tana juyawa. Mai hular bai taso ba. Na leƙa, na hango farar rigar tana buɗewa tana yin ƙasa, tana ƙanƙancewa. A nan ne hankalina ya dawo gida, na gane inda ruwan damina ya tafi. Na ƙanƙame gefen jirgi, ni da ko a kududdufi ban iya iyo ba.

Sai Gwaggo ta miƙe tsaye a cikin jirgin. Tsohuwar da sai an kama ta take hawa mota. Ta buɗe baki da muryar da take kiran shanu daga ƙetaren fadama.

"Rufa'i!"

Tsuntsayen kan dutsen suka tashi gaba ɗaya. Saudatu da ta fara kururuwa ta tsaya da baki buɗe, ban sani ba ko faɗuwar mijin ce ta fi gigita ta ko abin da ta ji. Maikano ya riga ya faɗa ruwa. Bayan wani lokaci da har yau ba na son tunawa, ya taso da wuyan babbar riga a hannu, da Injiniya a cikinta. Na kama, Saudatu ta kama, muka jawo shi kamar ɗan maraƙin da ya faɗa rijiya. Ya kife a tsakiyar jirgi yana aman ruwa a kan ƙafafun Gwaggo.

Ita kuwa tuni ta zauna ta mayar da wuyanta inda yake. Ta damƙe butarta da hannu biyu. Ta ce, "Ku ce wa wancan ya jiƙa mini zane."

A bakin gaɓa muka zaunar da shi a rana, an lulluɓe shi da mayafin matarsa, shadda na shanye a kan ƙaya. Da ya sami numfashi ya yafuto ni.

"Ta kira?"

Na ce, "Wallahi ta kira. Sau ɗaya, da ƙarfi."

Ya daɗe yana kallo na. Ya ce, "Kai da ka ce ana rabon kekuna."

Na rantse da Allah, na rantse da kabarin babana. Ya ce in bar matattu su huta. Ban taɓa jin takaicin halina irin na ranar ba: shekara arba'in ina yi masa ƙarya yana hawa, yau na zo da gaskiya guda ɗaya ya ƙi karɓa. Na kira Saudatu ta shaida, ya ce tausayinsa take ji. Yara suka ce sun ji, ya ce ni na koya musu. Na tafi wurin Gwaggo a fusace, tana zaune a inuwa ta ba mu baya, na ce, "Gwaggo, don Allah me kika ce ɗazu a jirgi?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce in ba ni da aikin yi in je in ɗauko mata butarta.

Ana haka Maikano ya iso yana matse wando, ransa a ɓace. Ya tsaya a kan Rufa'i ya ce, "Malam Rufa'i, in mutuwa kake so ka nemi jirgin wani. Wurin nan gora biyu ba ta taɓa ƙasa."

Rufa'i ya ɗago kai a hankali. "Wa ya gaya maka sunana?"

Tambayar tana kan hanya. Tun safe ni Injiniya nake cewa, yara Baba, Saudatu kuwa ba ta kama sunan miji ko da wuƙa a wuya.

Maikano ya ce, "Tsohuwar can mana. Ta ƙwala shi a kunnena, har yanzu yana ƙara."

Rufa'i ya ja mayafin ya rufe fuska. Kafaɗunsa suka fara rawa. Daga cikin mayafin na ji yana cewa, "Ina ƙasa, Zailani. Ina can ƙasa. Ba abin da na ji sai ruwa." Na fashe da dariya, don abin dariya ne, na yi ta yi har na zauna a yashi, sai na ga ashe ni ma hawaye nake.

Kafin mu hau mota ya lallaɓa ya tambayi Maikano ko akwai wani wurin da bai kai wannan zurfi ba. A nan Saudatu ta gane komai. Mako biyu ba ta yi masa magana ba, sai dai ta ce wa yara su ce wa babansu tuwo na kan tabarma, wato masu yi masa magana ta bakin wani sun zama biyu ke nan. Gwaggo ba ta taɓa nuna ta gane ba. Abin da ta aiko ni da shi kawai shi ne in gaya wa wancan, in ya sake zuwa kusa da ruwan da ya fi na buta, ba da yawunta ba.

Yaran nan har suka girma ba su da hira sai ta yawon jirgi, kifin da ya mari kakarsu da hular babansu da ta tafi ita kaɗai. Ya koma rumfarsa, sukuru suka ci gaba da yin rara. Duk Juma'a yana zuwa Burumburum ya durƙusa a bakin ƙofa, a ce a ce wa wancan lafiya lau. Shekara huɗu Gwaggo ta ƙara a duniya, bakinta bai sake suɓucewa ba.

Da hantsi muka binne ta. Muna dawowa daga maƙabarta ya riƙe hannuna muka ja baya, har mutane suka yi nisa, muka rage mu biyu a wata gona da aka girbe. Ya ce, "Zailani, yau ba wasa. Kai ka iya kwaikwayon muryar mutane. Yi mini yadda ta yi."

Na ce, "Haba Injiniya, a yau ɗin?"

"A yau ɗin."

Na waiga, babu kowa. Na gyara murya na faɗa a hankali. Ya girgiza kai ya ce, "Ba haka ba. Ka ce tsuntsaye sun tashi." Ya juya mini baya ya rufe ido.

Na cire hula, na cika ƙirji da iska, na nemo muryar Gwaggo ta kiran shanu, na sake ta da iya ƙarfina.

"Rufa'i!"

Ya jira har amon ya gama zagaya gonar. Sannan ya durƙusa a kan kunyar gona, kamar yadda yake yi a bakin ƙofarta.

Ya ce, "Na'am, Adda."